Badon Ciyaman

Ku dakata mini haka nan. Duk masu yawo da zancen wai Ciyaman bai iya shuka ba, wai hannunsa ko ciyawa ba ya rayawa, wallahi ba ku san abin da kuke faɗa ba. Ƙazafi ne, kuma ba za a bar shi ya wuce ba. Bado ya fito. Ya yi ganye, ya yi fure, fari tas da ɗan rawaya a tsakiya. Wanda ya ce bai fito ba ya nemi likitan ido. Matsalar Ciyaman ba a hannu take ba. Tana can wani wuri a jikinsa, za mu zo wurin.

Ga waɗanda Allah bai ba su sa'ar saninsa ba, Ciyaman shi ne shugaban kwamitin mazauna rukunin gidajen, irin rukunin nan mai get ɗaya, mai gadi ɗaya, da fitilar titi da ta daina kawowa tun zamanin shugaban da ya gabata. Mutum ne mai kwarjini. In zai shigo ɗaki, ciki ne ke fara shiga, sai ƙamshin turare, sannan shi ya biyo baya a hankali. Ya yi aikin gwamnati har ya kai mataimakin mai riƙon ƙwaryar mataimakin darakta, a sashen da ake ajiye fayil ɗin da ba wanda zai sake nema. Darakta na gaskiya ya taɓa tafiya hutu ya bar masa makullin ofis, kuma tun daga ranar ba a ƙara jin Ciyaman ya ce “ni” ba. “Mun tashi lafiya.” “Mun ɗan yi mura.” “A kawo mana ruwan wanka.” Matarsa, baiwar Allah, ta daɗe tana leƙa bayansa ko za ta ga sauran.

A can ƙarshen rukunin, bayan layin gidaje na ƙarshe, akwai wani rami da magina suka bari lokacin da suka ɗebi ƙasa. Ruwan sama ya cika shi, ya ƙi ƙafewa, kwaɗi suka kama haya. Kowa kududdufi yake ce masa, don kududdufi ne. Sai Mai Tayoyi, wanda ke da shagon taya a bakin babban titi da motoci uku da ba su da wurin kwana, ya miƙe a taron kwamiti ya ce a cike ramin da yashi a yi wurin ajiye motoci. Shawara ce mai ma'ana. Laifinta ɗaya, ba daga bakin Ciyaman ta fito ba. Ga shi kuma wa'adin Ciyaman ya kusa ƙarewa, Mai Tayoyi kuwa ya fara gaisa da mutane da hannu biyu, har da tambayar ya yara.

Ciyaman ya miƙe. Ya gyara hula. Ya bari shiru ya nuna.

“Jama'a,” in ji shi, “wannan ba kududdufi ba ne. Tafki ne. Mun zaga duniya, mun ga yadda waɗanda suka ci gaba suke yi da ruwa.” Duniyar da ya zaga kuwa wani otal ne mai ɗan tafki a gaba, inda ya taɓa kwana lokacin wani taron ƙara wa juna sani. “Za mu shuka bado a bakinsa. Za a zo daga nesa a yi hoto. Masu tunanin taya ba za su gane ba, kuma ba mu ga laifinsu ba.”

Daga ranar matasan rukunin suka naɗa shi Gwamnan Kududdufi. Da labari ya kai masa, kalmar farko kawai ya ji, ya ce yaran suna da tarbiyya.

Aka sayo saiwoyin bado daga mai sayar da furanni. Ilimin shukar kuwa Ciyaman ya riga ya haɗa shi tsaf: ya kalli rabin wani bidiyo kafin data ta ƙare, sauran rabin ya cike da basira.

Shi bado abu ne mai sauƙin kai. Ka ba shi taɓo ya tura ƙafa, ka bar masa ruwa a kwance, rana ta doke shi, ka tafi harkarka. Shi ke nan buƙatarsa a duniya. Ciyaman ya duba buƙatun nan ya ga babu ko ɗaya da ya dace da matsayinsa.

“Furen shugaba a cikin taɓo? Ina!” Ya sa aka wanke farin yashi har ya yi fes, aka zuba a tukunyar siminti mai fenti ruwan zinare, aka rubuta CIYAMAN a jiki, aka nutsa ta a ruwa. Saiwar ta zauna cikin yashin kamar baƙon da aka ba kujera mai laushi aka hana shi abinci. Ta yi haƙuri iya haƙuri, ta ruɓe.

Ciyaman ya yi nazari ya gano ruwan ne ba shi da wayewa. Ruwan otal tsalle yake yi, wannan kuwa kwance yake kamar malalaci. Aka kawo famfo mai feshi aka dasa a tsakiya. Shi kuwa ganyen bado kwanciya yake yi a kan ruwa, bayansa a bushe, yana shan rana. Famfon Ciyaman ya dinga watsa masa ruwa safe da yamma, kamar ana tashin wanda ya suma. Ganye ya yi baƙi, ya narke. Da rana ta yi zafi kuma Ciyaman ya tausaya masa ya sa aka kafa masa laima. Wannan saiwar ma ta bi 'yar'uwarta.

“Yunwa ce,” in ji Ciyaman, Farfesan Taɓo. Ya sa aka juye buhun taki guda a ruwan. Kafin a ce me, tafki ya koma kore shar kamar fenti, yana wani wari da ya sa layin ƙarshe suka daina buɗe taga. Kwaɗi suka tattara nasu ya nasu suka yi hijira.

Saiwa ɗaya ta rage, 'yar ƙarama, mai kama da dankalin da aka manta a lungun kicin. Ranar da Mai Tayoyi ya sa hoton koren ruwan a gurup ɗin rukunin, ya jera fuskokin dariya a ƙasa, Ciyaman ya fusata. Ya fita, ya ɗauki saiwar, ya yi jifa da ita iya ƙarfinsa. Ƙarfin bai kai ta nesa ba. Ta faɗa nan gefen ruwa, inda taɓo ya fi kauri, ta nutse. Famfo dama ya riga ya lalace, laima iska ta tafi da ita, ruwan sama ya zo ya wanke takin. Ciyaman ya manta da zancen. Kuma wannan mantuwar ita ce alheri mafi girma da ya taɓa yi wa wani mai rai.

Wata safiya sai ga wani ɗan ganye ja, a nannaɗe, ya leƙo. Ya warware, ya kwanta, ya yi kore. Wani ya biyo, wani ya biyo, har gefen ruwan ya cika da su kamar an jera faranti. Sannan wani ɗan kai mai tsini ya ɗago a tsakaninsu. Ya buɗe.

A ranar Ciyaman ya sanar da duniya sabuwar dabarar da ya ƙirƙiro. Sunanta “dasa daga nesa”. Ya ce shekaru ya yi yana gwaji a kanta, kuma jami'o'i za su neme shi.

Abu mai daraja ba a barin sa a fili. Aka zagaye tafkin da langa-langa, aka sa ƙofa, aka sa makulli. Aka fitar da doka: safiya ta hukuma ce. Hukuma kuwa mutum ɗaya ce. Talakawa, wato masu gidajen da suka zaɓe shi, za su iya zuwa kallo bayan la'asar, mai gadi zai buɗe musu.

Yanzu ku kula da kyau, don a nan kowa ya ɓata. Bado da safe yake buɗewa. In rana ta wuce tsaka sai ya tattare kansa ya rufe, sai kuma gobe. Haka Allah ya yi shi, ba ruwansa da kwamiti. Shi kuwa Ciyaman yana da tsari. Da safe ya fito rangadi da sanda, ya nuna wa mai gadi ganyen da ya yi rawaya a cire, ya tsaya kusa da fure ya yi hoto. Daga nan ya shige falo, wanda yake kira ofis. Babban mutum ba ya yawo a rana. Sai barcin rana, sai zaman karɓar gaisuwa a ƙofar gida da yamma, bayansa yana kallon tafki. Bai taɓa ganin furen a rufe ba. Su kuma jama'a ba su taɓa ganinsa a buɗe ba. Kai, ko cewa furen kwana kaɗan yake yi ya sunkuya cikin ruwa wani sabo ya taso, Ciyaman bai lura ba. Shi a wurinsa guda ɗaya ne tun farko. “Ba ya tsufa,” yakan ce. “Halinmu ya ɗauko.”

Kullum da safe hoto zai faɗo gurup. Fure fari a buɗe, Ciyaman a gefe ya ɗora hannu a ciki. “Barkanmu da safiya daga bakin tafkinmu.” Kullum da yamma mutane su dawo daga aiki, su je su leƙa, su tarar da wani koren abu a dunƙule, kamar hannun jaririn da ya yi fushi.

Gurup ya kama da wuta.

Wata malamar makaranta ce ta fara, cikin ladabi: “Yallaɓai, don Allah daga ina ake sauko da hotunan nan? Ina so in nuna wa ɗalibai.”

Mai Tayoyi ya ce, “Ni ma ina da hoton jirgin sama a wayata, amma ban ce nawa ba ne.”

Wani ya ce fotoshof ne. Wani ya ce furen roba ne, ana sawa a cire. Ciyaman ya mayar da martani da saƙon murya mai tsawon da ba wanda ya kai ƙarshensa, amma waɗanda suka ji farkon sun ce ya yi bayani a kan yadda hassada ke lalata ido.

In ban da mai gadi, wanda ba mai tambayarsa, mutum ɗaya ce a duk rukunin take ganin abin daga farko har ƙarshe. Gidan Ciyaman ne mafi kusa da tafkin, kuma barandar sama, inda matarsa take shanya, ta fi langa-langar tsawo. In ta fito shanya furen a buɗe, in ta zo kwashewa a rufe. Wata rana yana cin abinci ta gwada.

“Baban yara, furen nan naka fa…”

“Namu.”

“To, naku. Na lura in rana ta…”

“Hajiya,” ya ajiye cokali, “harkar tsirrai kimiyya ce. Mun taɓa shiga miki kicin mun ce ga yadda za ki yi?”

“Kullum ma.”

“To kin gani. Ki bar mu da abin da muka karanta.”

Ta kwashe kwanuka.

A taron kwamiti na gaba Mai Tayoyi ya zo da shirinsa. “Yallaɓai, magana ɗaya ce. A buɗe mana ƙofar nan da safe, daidai lokacin da kake hotonka. In mun ga fure da idonmu, na janye takara, ka zarce, tafki ya zauna, har taya zan kawo a yi masa ado. In ba mu gani ba, ka sauka, tifa ta shigo da yashi.”

Ciyaman ya yi dariya har hula ta karkace. Ya amince a gaban kowa, aka tsayar da Asabar. Kuma ku ji, gaskiya tana gefensa. Kujera tasa ce, tafki nasa ne, abokin hamayya ya kawo wuyansa da kansa. Abin da ya rage masa a duniya shi ne ya sa makulli ya murɗa.

Sai dai Ciyaman ba ya buɗe ƙofa. Ƙaddamarwa yake yi.

Aka kafa rumfa. Aka jera kujerun roba, da wata babba mai hannu a gaba. Aka ɗauko lasifika. Aka ɗaure jan ƙyalle a bakin ƙofar langa-langa, aka ɗora almakashi a kan faranti. Ranar Asabar tun da sassafe Ciyaman ya lallaɓa shi kaɗai ya leƙa. Furen ya buɗe fiye da kullum, har da ƙudan zuma a ciki. Ya yi masa murmushi irin na manya, ya kulle, ya koma gida shiri.

Jama'a suka hallara da wuri, wasu da silifas, wasu da kofin shayi a hannu, kowa na so ya gani ya koma harkarsa. Ciyaman yana jin hayaniyarsu ta taga. Amma babban baƙo ba ya riga taro zuwa, kuma ba ya zuwa da ƙafa. Ya canja riga. Ya canja hula ta dace da rigar, ya ga takalmi bai dace da hular ba, aka koma farko. Sannan ya sa ƙanin matarsa ya fito da mota. Daga ƙofarsa zuwa rumfar, in ka yi atishawa za a ce maka sannu. Motar ta juya baya ga rumfa, ta fita ta get, ta zaga ta babban titi, ta shiga cunkoso, ta dawo tana hon.

Sakataren kwamiti ya ɗauki lasifika zai gabatar da shi. Ya manta “mai riƙon ƙwarya”. Ciyaman ya ɗaga yatsa, aka sake daga farko. Ya manta “wanda ya ƙirƙiro dasa daga nesa”. Aka sake.

Sannan Gwamnan Kududdufi ya miƙe, ya zaro takardu daga aljihu. Waɗanda suka ga kaurinsu suka gyara zama. To, mun zo wurin da matsalar take: baki.

“Jama'a, kafin mu yi maganar fure, dole mu yi maganar ruwa. Mene ne ruwa?”

Ya gaya musu mene ne ruwa. Ya gaya musu inda aka haife shi, da yadda malaminsa na firamare ya hango shugabanci a goshinsa. Ya kai su ofis, ya nuna musu fayil, ya ba su labarin ranar da darakta ya bar masa makulli, har da kalar makullin. Ya dawo da su otal. Rana ta hau. Inuwar rumfa ta fara janyewa daga layin baya, mutane suka dinga jan kujeru suna bin ta.

A barandar sama matarsa tana tsaye, ido ɗaya a kan mijinta, ɗaya a cikin langa-langa. Ta ga gefen furen ya fara ɗagowa. A hankali, kamar mai tattara tabarma. Ta fizgo tawul daga igiya ta shiga kaɗa shi sama da ƙasa.

Ciyaman ya hango. Fuskarsa ta washe. “Ku duba can, jama'a. Har iyalinmu sun kasa ɓoye farin ciki.” Ya ɗaga mata hannu irin na masu motar buɗaɗɗen sama, ya juya shafi.

Ta kira wayarsa. Ya ciro, ya duba, ya kashe, ya ce manyan mutane ne ke son taya murna, za su jira. Ta yafa mayafi ta sauko. Matar da ko taron kwamiti ba ta zuwa, ta ratsa tsakiyar rumfa kowa na kallo, ta sunkuya daidai kunnensa.

“Baban yara, don girman Allah ka buɗe ƙofar nan yanzu. Furen…”

Bai ko sauke lasifikar ba. “Jama'a, Uwargida ta ce mu taƙaita. Tun ranar da muka aure ta take faɗin haka!”

Aka fashe da dariya. Dariyar gaske, ta farko da wani taro ya taɓa yi masa ba don ladabi ba. Dariyar ta hau masa kai nan take. Ya ajiye takardun ma gaba ɗaya, ya shiga ba da labarin aurensu. Matar ta ɗan tsaya tana kallonsa, ta gyara mayafi, ta samu kujera a gefe ta zauna, ta haɗa tagumi.

Ya yi bayanin dasa daga nesa, har da gwada yadda ake karkata kafaɗa. Ya yafe wa maƙiya ɗaya bayan ɗaya, yana kallon kowanne. Ya ce “a taƙaice”, wani dattijo ya farka ya fara tafi, ashe sabon babi ne. Yara suka fara kuka. Ruwan sanyi ya koma na wanka. Mai Tayoyi, wanda ya zo da safe gabansa na faɗuwa don ya ga yadda Ciyaman ya amince da sauri, yanzu hamma kawai yake yi. Har aka jiyo kiran sallar azahar daga nesa.

“Wannan fure,” in ji Ciyaman a ƙarshe, “ya san mu. Ya san wanda ya tsaya masa. Yau za ku ga abin da idon hassada ya hana ku gani. A kawo almakashi.”

Aka yanke ƙyalle. Aka murɗa makulli. Jama'a suka danna ciki, wayoyi a sama.

Ganye a kwance, kore, lafiya lau. A tsakiyarsu ɗan koren dunƙulen nan da kowa ya sani, ya yi tsit.

Wani kwaɗo da bai samu labarin hijira ba ya yi gyaran murya.

“Yallaɓai,” in ji Mai Tayoyi, “ko shi ma ya gaji ne ya tafi gida?”

Ciyaman ya matsa bakin ruwa. Ya dubi furen kamar yadda yake duban masinjan da ya makara. “Buɗe,” ya ce a hankali. Shiru. Ya ɗan sunkuya. “Mu ne.” Shiru. Ya karɓi lasifika ya maimaita, ko nisa ne. Sannan ya sa kan sandarsa ya janyo wuyan furen zuwa gefe, ya durƙusa a taɓon da ya rantse bai dace da shugaba ba, ya sa farce ya fara ɓare shi da ƙarfi. Fari ya leƙo. “Kun gani? Kun gani? Yana ciki!” Ya ƙara ja. Wuyan ya ce ɓas.

Ya miƙe da kan furen a tafin hannu, gwiwoyin babbar riga sun yi baƙi. Ya dubi jama'a. “An yi mana zagon ƙasa,” in ji shi. “Za mu kafa kwamitin bincike.”

Babu sauran kwamitin da zai kafa. A nan bakin ruwan aka ɗaga hannu, Mai Tayoyi ya zama shugaba. Matar Ciyaman ba ta ɗaga wa kowa ba, ta hau sama kwashe shanya. Shi kuwa ya fice daga gurup, ya ja labule, ya ba da umarnin kada a tashe shi ko waye ya zo. Ba wanda ya zo.

Washegari da safe tifa ta shigo da yashi. Rukunin gaba ɗaya ya fito, don kallon rushe abu ba ya buƙatar gayyata. Aka ɓalle langa-langa, aka jingine. Direban tifa ya fara baya-baya, sai malamar makarantar nan ta ƙwala ihu ta ce ya tsaya.

Biyu ne. Waɗanda suke jiran layi a ƙarƙashin ruwa sun taso, sun buɗe, farare tas, rana tana dukansu, ƙudan zuma na shiga da fita. Mutane suka yi cirko-cirko. Sannan wayoyi suka tashi sama.

“Innalillahi,” in ji malamar. “Ashe bawan Allahn nan gaskiya yake faɗa.”

Sabon shugaba ya dubi furen. Ya dubi wayoyin. Ya dubi tifa. Ba a banza ya yi shekaru yana sayar wa mutane taya ba, ya san lokacin da ciniki ya juya. “Jama'a, ni fa ban taɓa cewa a kashe fure ba. Langa-langa na ce a cire. Direba, zuba yashin can gefe, hanya za a yi wa masu kallo.” Kafin a watse hoto ya faɗo gurup, shi a tsugune kusa da ruwa: “Aikin farko na sabon shugabanci. Furen da ya ƙi buɗewa ya buɗe.” Aka jera masa tafi. Motocinsa har yau a titi suke kwana, ya ce sadaukarwa ce.

Ciyaman bai ga ko ɗaya ba. Tunda ba rangadi, ba abin da zai tashe shi da safe. Sai da ya gama jinyar zuciya ya fito wata rana bayan la'asar, a ƙafa, ba sanda, lokacin talakawa. Ya tarar an sa benci, mutane na zaune suna shan iska. Ya tsaya a bakin ruwa. Dunƙule biyu, a rufe ruf. Ya daɗe yana kallonsu. Da ya juyo idonsa ya ciko.

“Kun gani?” in ji shi. “Tun da muka sauka bai sake buɗe wa kowa ba. Har ɗan'uwansa ya kira su yi makoki tare.”

“Haka ne, Yallaɓai,” in ji na kan benci.

Yanzu kullum da yamma yana can. Ya tsaya, ya haɗa hannu a baya, ya ce wa furen ya yi haƙuri, mulki na Allah ne, za su dawo.

To, ku na kan benci masu “haka ne, Yallaɓai”, da ku da kuka karanta har nan kuna dariya a ɓoye, kada wanda ya wuce shiru. Ku faɗa a ƙasa: a je a buga masa ƙofa gobe da sassafe a jawo shi ya gani da idonsa, ko a bar shi da makokinsa? Kowa ya faɗi nasa, kuma ku yi sauri. Jiya an gan shi ya nufi bakin ruwa da takardu a aljihu, yana tambayar inda ake hayar lasifika.